Wankin da Miliakere Take Ɓoyewa

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Malaminmu na aji shida ya taɓa cewa rubutuna sai ka ce kaguwa ta bugu ta bi ta kan yashi. Daga wannan ajin ban ƙara gaba ba. To, yau kaguwa za ta yi tafiya, don bakin nan nawa da duk tsibiri ya gaji da shi ya ƙi aiki.

Jiya na dawo daga kamun kifi da wuri, injin kwalekwale ya kama tari. Na zagaya bayan gida in rataye raga, na tarar da matata Miliakere a tsugune tana wanki a ƙaramin baho, ba a famfon da mata suke taruwa ba. Ruwan bahon ja. Na ce, "Maman Unaisi, kin yanka kaza ba ki kira mai gida ba?" Ba ta yi dariya ba. Fiye da shekara ashirin tana yi wa maganata dariya, har wadda ba ta da gishiri, don tausayi. Ta kifar da ruwan a gindin ayaba ta tura ƙasa a kai da ƙafa.

Abin mata ya ɗauke mata tun bara waccan. Na sani, don ranar da ta gaya mini har na ce to shi ke nan, mun zama ƙarti biyu a gida.

Na ce tun yaushe. Ta ce bai daɗe ba. Na ce tun yaushe. Ta ce tun kafin Kirsimeti.

Yayarta Akanisi ma da ƙaramin baho ta fara.

Laraba, 5 ga Maris, bayan cin rana

Na yi mata maganar asibiti. Da ban yi ba ma.

Asibitinmu ɗaki biyu ne da tankin ruwa, ma'aikaci ɗaya. Ma'aikacin kuwa Waisake, ƙanin Miliakere, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da ya fara sanin kunya ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Ya shigo ta ƙofar gaba, ta fita ta baya. In hira ta sauka ƙasa da cibiya alhali suna wuri ɗaya, har tsofaffi sai su kama bakinsu. Nas mace da muke da ita ta yi aure bara ta bi mijinta. Lokacin da matan asibitin Suva, babban birni, suka zo gwajin mata, Waisake ne a bakin ƙofa yana kiran suna, Miliakere ta ɗauki kwando ta ce za ta tonon rogo, ba ta dawo ba sai da jirginsu ya ɗaga.

Ta ce, "Baban Unaisi, in ka kai maganar jikina gaban Waisake, ka nemi wadda za ta riƙa dafa maka gwaza."

Na ce, "Ai ni ma na iya dafawa."

Ta ce, "Ka iya ƙonawa. Gara a kwantar da ni kusa da Akanisi da in buɗe baki gaban ƙanina."

Ta faɗa tana kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris, da safe

Baho a kife. Wataƙila ya tsaya.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Bai tsaya ba.

Asabar, 8 ga Maris, da rana tsaka

Ni da Waisake taubasai ne, ɗan kawuna ne, Tavale muke kiran juna, wato taubashi a yarenmu. Tun muna tsirara ban taɓa gaya masa magana ɗaya ta hankali ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba. Ranar aurena ya zuba mini kayan cikin kifi a aljihun kwat. Ranar da ya dawo da takardar aikinsa na miƙe a bakin coci na ce jama'a a fara wasa shebur na haƙa kabari. Haka muke, kuma da za mu daina, dangi za su ce akwai gaba.

Yau na je wajensa. Ina da tusar jaki a babban yatsana na dama, ta fi shekara uku, har na saba da ita, ita nake sosawa in ina tunani. Da ita na fake.

Yana ganina ya ce, "Tavale! Ka zo a auna ko akwai ƙwaƙwalwa? Injin da zai gano taka bai iso ƙasar nan ba tukuna."

Na ce, "Na zo in ga ko akwai wanda ya shigo nan da ƙafarsa ya fita da ita."

Na miƙa masa yatsa. Ya juya shi ya ce ƙaho ne ya ɓata hanya. Daga nan ya shiga wa'azi, don Waisake in ya sami mai sauraro ba ya saki. Wai ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma dangi ne babba, sun haura ɗari. Wasu su fito a hannu ko a ƙafa. Wasu su fito inda zani ya rufe. Wasu kuma ba sa fitar da komai a gani, su shiga su zauna a bakin mahaifar mace shekara goma, shekara ashirin, shiru, wata rana su juye su zama ciwon daji. Ya ce maza ma ba su tsira ba, yana iya kama su a gaba ko a maƙogwaro. Ya nuna mini hoton 'yan mata a bango, ya ce allurar da ya yi wa su Unaisi a makaranta bara ta tare wannan ce.

Na ce, yaya ake gane shi, don in san ranar da zan fara rabon gado.

Ya ce jini ba a lokacinsa ba. Ciwon ƙugu. Ruwa mai wari. Ya ce, "Shi ne ya ɗauki..." sai ya tsaya ya kama gyaran kwalabe da suke a gyare.

Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ni dai ƙuguna na ciwo, ka duba mini mahaifa."

Ya jefe ni da audugar hannunsa. Na fito da ɗan man shafawa a leda.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Ban ji wa'azi ba. Yatsana nake kallo.

Dangi, in ji shi. Ni ɗan tsibirin nan ne, na san dangi. In ɗaya ya shigo gidanka, sauran suna kwalekwale a baya. Da wannan hannun nake karɓar kwano daga hannunta. Da shi nake danna mata baya in ta gaji da saƙar tabarma. Da shi dai.

Na naɗe shi da tsumma na ɗaure da igiyar kamun kifi. Unaisi ta ce, "Baba, me ya sami hannunka?" Na ce kifi ne ya nemi fansa.

Litinin, 10 ga Maris, da safe

Na mai da tabarmata kusa da ƙofa. Na ce zafi.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Na gasa ƙugiya a wuta har ta yi ja na ɗora a kan abin. Ihun da na yi ya tashi kajin maƙwabta. Yanzu ina da tusar jaki, ina da ƙuna, kuma ba na iya jan igiyar inji.

Miliakere ta zo za ta duba, na ɓoye hannun a baya. Ta tsaya tana kallona. Ta koma ciki.

Ta rame a wuya. Yaushe ta rame a wuya ban gani ba?

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Jiya na sake gwadawa, kuma na ɓata abin gaba ɗaya.

Maza sun taru shan yangona, jiƙon saiwar da muke sha, a ɗakin taro bayan aikin gayya. Na ja Waisake gefe na ce akwai wata mata, matar wani, tana ganin abin da ya lissafa mini, me za a yi mata? Na saita fuska iyakar iyawata. Ashe fuskata ba ta san wannan aikin ba.

Ya dube ni, ya dube ni, sai ya juya ya ce da ƙarfi, "Jama'a, Sakiusa ya yi budurwa! Wai matar wani! Ku dubi wannan ƙirjin kamar allon wanki, wace marainiya ce ta yarda?"

Ɗaki ya ɗauka. Wani ya ce ta ƙauyen tsallake ce, shi ya sa injina ke yawan lalacewa a can. Na ce, "Tavale, da gaske nake." Ya ce, "Ranar da ka yi gaske teku za ta ƙafe." Ya kwara mini ruwan wanke ƙoƙo a ka.

Na yi dariya. Ni ne na fi kowa dariya.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Magana ta riga ni isa gida, ta hanyar famfo.

Unaisi tana makaranta. Miliakere tana zaune tana tsaga ganyen tabarma. Ta ce, "An ce ka yi sabuwa."

Na ce ai kin san bakin ƙaninki.

Ta ce, "Ban ga laifinka ba. Ka kwashe tabarmarka, ba ka karɓar abu daga hannuna, in na matso ka ja baya. Wari nake yi. Ni ma ina ji. Ina wanka sau uku, ba ya tafiya."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na kwance tsumman na nuna mata yatsan, na gaya mata abin da Waisake ya ce, dangi da sauransu, na ce ina tsoron ni na sa mata, ina tsoron in ƙara mata.

Ta kalli yatsan, ya kumbura ya yi baƙi kamar ayabar da aka manta a murhu. Ta ce, "Wannan ne kishiyar?" Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har hawaye, ni ma na kama. Ana cikin haka ta dafe mara ta duƙa, dariyar ta koma wani sauti daban. Na riƙe ta da hannu biyu, har da mai laifin.

Da ta lafa na ce, "Ki bar ni in gaya masa."

Ta ce a'a.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan coci

Ta faɗi a layin mata ana tsakiyar waƙa. Mata suka kewaye ta da zannuwa. Waisake ya miƙe daga layin maza, ya yi taku biyu, Inna Torika ƙanwar uwarsu ta ɗaga masa hannu ta ce, "Zafi ne. Na mata ne. Koma." Ya koma ya zauna. Na ga yadda ya riƙe littafin waƙa a juye.

Inna Torika da 'yarta Luisa suka kawo ta gida. Inna ta dafa ganye, baƙi ƙirin, ta ce kwana kaɗan zai wanke ciki. Irinsa ta dafa wa Akanisi. Na gane ƙamshin tun daga bakin ƙofa.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

An sanar a rediyo jirgin ruwan Suva zai biyo ta nan Juma'a, yana gudun iskar da ke tahowa. Bayan shi ba wanda ya san sai yaushe. Na baya sai da muka ƙare sukari da gishiri kafin ya zo.

Juma'a.

Talata, 18 ga Maris, da rana

Ba ta tashi ba yau. Luisa ce ta yi wankin.

Na zauna a bakin ruwa ina ta ƙirƙirar hanyoyi. In ɗauke ta cak in sa a jirgi. Amma in ba Waisake ya buga waya can ya ce ga mara lafiya ba, wa zai karɓe mu a Suva? Ni da na taɓa ɓacewa a kasuwarsu na wuni ina zagaya rumfar abarba ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris, da faɗuwar rana

Na yi.

Da sassafe na hau tudu na tono yangonata, babbar da na bari tana girma don ranar da za a nemi auren Unaisi. Na wanke saiwar na naɗe. Ɗanya ce, ba ta bushe ba, abin kunya ne a kai wa mutum haka, amma ba ni da lokacin shanya. Na sa farar rigar coci da zanen Lahadi. Ban je asibiti ba, gidansa na je, na shiga ta ƙofar ƙasa, wadda ƙanana ke bi, a sunkuye na zauna nesa na tanƙwashe ƙafa.

Yana shan shayi da biskit. Ya ce, "Kai! Wa ya mutu ka gaji riga? Ko auren budurwar ka zo..."

Na ajiye saiwar a gabansa na tafa hannu.

Maganar ta maƙale masa. In saiwa ta sauka a tabarma, ko taubashi ba ya wasa. Ya ajiye kofi. Ya gyara zama.

Ban kira shi Tavale ba. Na kira shi da sunan gidan ubansa, yadda ake kiran manya. Na ce na zo da wannan 'yar saiwa, ƙarama ce, ɗanya ce, a yi haƙuri. Na zo neman gafara don zan faɗi abin da bai kamata kunnensa ya ji ba. Na ce matar da na yi masa magana ranar gayya tana gidana. Uwar 'yata ce. Duk abin da ya lissafa mini, tana da shi.

Idona yana kan tabarma. Na ji numfashinsa.

Ya ɗora hannu a kan saiwar. Ya tafa. Ya faɗi kalmomin karɓa, muryarsa tana karyewa a tsakiya. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun kafin Kirsimeti.

Ya rufe fuska da hannu. Can ya ce, "Kuma na kwara maka ruwa."

Na ce ruwan ya yi mini amfani, dama ban yi wanka ba. Bai yi dariya ba, ni ma ban so ya yi ba, bakina ne kawai.

Na nuna masa yatsan na tambaye shi. Ya ce na hannu daban, na can daban, sunan gida kawai suka haɗa. Ya ce kusan duk wanda ya taɓa kwana da wani ya taɓa ɗaukar na can, yawanci jiki ya kore shi ba a sani ba, wasu kuma ya maƙale musu, kuma ba wanda zai iya cewa daga wa ko yaushe. Ya ce in daina gasa kaina kamar kifi.

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

Ya zo gidan. Bai shigo ba. Ya zauna a ƙasa a waje ya jingina bayansa da bangon langalanga, daidai inda take kwance daga ciki. Ni na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Tsakaninsu kwano ɗaya ne, ko tari ɗayansu ya yi ɗayan zai ji.

Ya ce, "Ka tambayi Maman Unaisi ko ƙugunta na ciwo har cinya."

Na juya na ce, "Wai ƙugunki na ciwo har cinya?"

Tun jiya da ta ga ƙasar ramin yangona a ƙafafuna ba ta ce mini uffan ba.

Can ta ce, "Ka gaya wa mai tambaya, wanda ya aiko shi munafuki ne."

Na juya na ce, "Wai ni munafuki ne."

Ya ce, "Wannan asibiti ya daɗe da sani. Ƙugu fa?"

Ta ce, "Ka ce masa ƙugu kawai. Bai sauka ba."

Haka muka yi ta yi. Fitsari. Bayan gida. Ko ƙafa ta kumbura. Yawan tsumman da take canzawa. Ina ɗaukar magana daga nan in ajiye can, maganar da ta riga ni isa. Akwai tambaya ɗaya da ya yi wa ni kaina, yana kallon teku, game da ni da ita, na amsa ina kallon bishiyar kwakwa.

Ya ce a gaya mata ya yi waya, likita mace ce za ta gan ta, mace ce za ta riƙe mata hannu, shi ko takardar ba zai karanta ba in ba ta so. Jirgi gobe.

Ta ce, "Ka ce masa ba inda za ni. Waɗanda suka je Suva a akwati suke dawowa. Gara in mutu a tabarmata."

Ban kai wannan ba. Ai ya ji.

Da ya yi magana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka gaya mata lokacin Akanisi ina makarantar koyon aiki. Na dawo hutu na ji warin a ɗaki, na san ko menene, na karanta shi a watan. Na fita na zauna da maza. Ka gaya mata ni na riƙe kan akwatin. Ka ce mata ba ni da wata yaya bayan ita."

Na juya zan maimaita. Ta ɗaga mini hannu.

Bayan wani lokaci ta ce, "Ka ce wa Luisa ta zo ta ɗaure mini kaya. Kuma ta riƙe Unaisi."

Asabar, 22 ga Maris, da yamma, a Suva

Mun iso. Teku ta yi fushi duk hanya, na yi amai har na tuna abin da na ci a bikin aurena. Ita da ba ta da lafiya ita ke riƙe mini bokiti.

Waisake bai zo ba, ba zai bar tsibiri ba ma'aikaci. Ya raka mu a kwalekwale har gindin jirgi. Yana gaba, tana baya, ni a tsakiya.

Talata, 25 ga Maris, da rana

Sun ba ta gado. Sun ce jininta ya yi ƙasa, sun rataya mata na wani. Na ce a duba kar a sa mata na mai surutu, gida ba zai ɗauki biyu ba. Nas ta yi murmushi don ladabi.

Likitar ƙaramar mace ce, Ba'indiya, mai sanyin murya. Ta ja labule. Na zauna a benci ina karanta hoton yadda ake wanke hannu, na haddace shi. Da ta fito ta ce ta ga wani abu, ta ɗan gutsuro za a kai ɗakin gwaji. Na ce wane irin abu. Ta ce mu jira.

Ɗakin duk mata ne. Gadon da ke kusa da taga akwai wata da ba ta kai Miliakere shekaru ba. Ɗakin yana ƙamshin abin da na sani.

Alhamis, 27 ga Maris, da safe

Mu jira.

Litinin, 31 ga Maris, da yamma

Mu jira. Ina kwana a gidan wani ɗan ƙauyenmu, ni da yara shida da kare. Karen ne ya fi ni wuri.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da hantsi

Gadon kusa da taga an canza zanen. Ban tambayi inda matar take ba. Miliakere ta ce in kawo mata dafaffen rogo, na asibiti ba ya da ɗanɗanon ƙasa.

Unaisi ta kira ta wayar Waisake. Ta ce, "Baba, ba ni labari mai ban dariya." Na ba ta na karen. Ta ce, "Baba, muryarka ba taka ba ce."

Talata, 8 ga Afrilu, bayan cin rana

Shi ne.

Likita ta zana mana a takarda, abu kamar gwanda a kife, ta ɗiga baƙi a wuyansa. Ta ce hoto ya nuna kamar bai tsallaka ba, kamar yana nan inda ya fara. In haka ne za a iya cire shi da mahaifar gaba ɗaya. In sun buɗe sun ga ya wuce, wuƙa ba za ta isa ba, sai wani magani da babu shi a ƙasar nan.

Na ce, da mun jira jirgi na gaba fa?

Ta ce, "Kun dai zo."

Kamar. Sau biyu ta ce kamar.

Miliakere ta ce a cire, ta gama aiki da ita, tun Unaisi ba ta sake kawo kowa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Gobe da safe. An hana ta abinci. Ni ba a hana ni ba, amma ya ƙi shiga.

Ta gaya mini inda ta ajiye tabarmin auren Unaisi, da waɗanda za a ba Luisa. Na ce ta bari ta dawo ta nuna mini da kanta, ta san ni, zan shimfiɗa wa kaji. Ta ce, "Sakiusa, ka saurara." Ba ta kiran sunana sai an yi shekara. Na saurara.

Talata, 15 ga Afrilu, da rana

Sun shiga da ita tun safe. Ba su fito ba.

Talatar dai, da yamma

Sun fito.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Likita ta ce sun cire duka. Bai taɓa mafitsara ba, bai kama bangon ƙugu ba. Sun kwashe wasu 'yan ƙullutai na gefe za a gwada, ɗaya ya ɗan fi sauran girma, ba ta son ta yi mana alkawari sai sakamako ya dawo. Na ce wato mu jira. Ta ce mu jira, amma yau mu ci abinci.

Miliakere tana kwance, roba a hanci, roba a hannu, leɓenta a bushe. Waya ta yi ƙara, Waisake. Na koma bakin aikina. Na ce, "Wai yaya jiki?" Na ce masa, "Wai da sauƙi." Ya ce a tambaye ta ko ta fara shan ruwa. Na juya zan tambaya, sai na ga ta miƙo hannu, mai robar.

Na ce, "Me?"

Ta ce, "Ba ni."

Na dubi wayar, na dube ta. Na ba ta.

Ta ce, "Waisake. Ni ce."

Matar gadon gefe ta juyo tana kallonmu, tana mamakin me ya sa ƙaton mutum ya dafe baki don an amsa waya.

Ta ce, "Ka saurare ni, sau ɗaya zan faɗa. Luisa ma tana wanki a bayan gida. Na gani tun watan jiya. Ba za ta zo wajenka ba, ƙanwarka ce. Ka nemo mace ta zo tsibiri, ko ka sa ta a jirgi, ko me za ka yi. Kar ka zauna da maza."

Ta saurara kaɗan. Ta rufe ido. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo. Kuka yake. Ba shi dariya, ai aikinka ne."

Na sa a kunne. Na ce, "Tavale."

Ya ce, "Tavale."

Na laluba duk cikina, babu abin dariya ko ɗaya. Muka yi ta yi wa juna numfashi a kunne, shi a can, ni a nan, ba wanda ya kashe.